Shugabannin sassa a Ƙaramar Hukumar Buji

Shugabannin sassa a Ƙaramar Hukumar Buji su ne manyan ma'aikatan gwamnati na dindindin da ke jagorantar sassan aikin hukumar, kamar sashen mulki, sashen kuɗi, sashen ayyuka da sashen gona, a sakatariyar da ke garin Gantsa, jihar Jigawa. Ba zaɓarsu ake yi ba, kuma ba shugaban ƙaramar hukuma ne yake ɗaukarsu aiki ba. Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jihar, wadda ke zaune a Dutse, ita ce take naɗa su, ta turo su, ta yi musu ƙarin girma, ta sauya musu wurin aiki, ta kuma hukunta wanda ya yi laifi. Abin da ke hannun shugaban ƙaramar hukuma shi ne ba su umarnin aikin yau da kullum. Iko a kan waɗannan jami'ai a rabe yake tsakanin Gantsa da Dutse, kuma haka abin yake a duk ƙananan hukumomi 27 na jihar.

Buji a taƙaice

An ƙirƙiri Ƙaramar Hukumar Buji a shekarar 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, daga cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, shekara biyar bayan an fitar da jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Hedikwatarta Gantsa ce, ba garin Buji ba, ko da yake sunan garin Buji ta ɗauka. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kimanin 97,000. Tana da mazaɓu goma, daga cikinsu akwai Ahoto, Buji, Churbun, Falageri, Gantsa, Kawaya, Kukuma da Madabe, kowace mazaɓa da kansilanta. Tana cikin Masarautar Dutse, kuma ita da Birnin Kudu ne suke da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya, saboda haka aikin da suka fi jira daga hukumar bai wuce ruwan sha, hanyoyin karkara, magudanan ruwa, kasuwanni, taki da allurar dabbobi ba.

'Yan siyasa da ma'aikata

A kowace ƙaramar hukuma a Najeriya akwai rukunin mutane biyu da jama'a kan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya suke ba.

Rukunin farko na 'yan siyasa ne. Akwai shugaba da mataimakinsa da kansilolin mazaɓu, waɗanda ake zaɓa. Akwai kuma sakataren hukuma da kansiloli masu gafaka, waɗanda ake naɗawa. Kansila mai gafaka shi ne ɗan siyasar da ake ba shi wani sashe ya riƙa lura da manufofinsa, kamar yadda kwamishina yake a matakin jiha. Kalmar gafaka a asalinta jakar fata ce ta ajiye Alƙur'ani ko littattafai, Hausawa suka ara suka ba wa wannan muƙami, wato kansilan da aka damƙa wa jakar takardun wani sashe. Duk waɗannan suna tafiya ne da ƙarewar wa'adin gwamnatin da ta zo da su.

Rukuni na biyu shi ne na ma'aikatan dindindin, kuma shugabannin sassa su ne a samansa. Babba a cikinsu shi ne daraktan mulki da harkokin yau da kullum, wanda ma'aikata a Jigawa ke kira DAGS a taƙaice, a Kano kuma takwaransa ana ce masa DPM. Shi ke riƙe da fayilolin ma'aikata da wasiƙun hukuma, shi ne kuma ke haɗa kan sauran sassa. Sai ma'aji, shugaban sashen kuɗi, wanda ke karɓar kuɗin shiga, ya biya, ya rubuta lissafin ƙarshen shekara. Sai shugaban sashen ayyuka da gidaje, da na gona da albarkatun ƙasa, da na jin daɗin jama'a da raya al'umma, da na tsare-tsare da ƙididdiga. Batun ruwan sha da tsaftar muhalli ya ƙara samun nauyi a ƙananan hukumomin Jigawa sakamakon aikin da jihar ta yi da UNICEF. Buji na cikin ƙananan hukumomin farko a jihar da aka ba shaidar daina bahaya a fili, kafin Jigawa gaba ɗaya ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta sami wannan shaida a watan Oktoba na 2022.

Bambancin da ke tsakanin kansila mai gafaka da shugaban sashe shi ne ginshiƙin tsarin. Na farko yana faɗin abin da gwamnati take so a yi. Na biyu yana faɗin yadda za a yi shi bisa ƙa'ida, da nawa zai ci, da ko akwai kuɗinsa a kasafi.

Asalin tsarin

Kafin 1976 babu ƙaramar hukuma irin ta yau a wannan yanki. Ƙasar Birnin Kudu, wadda Buji ke cikinta, tana ƙarƙashin En'e ta Kano ne. Kalmar En'e kanta furucin Hausa ne na haruffa biyun da Turawa ke taƙaita sunan hukumar gargajiya da su. En'e tana da sassanta: baitulmali, 'yan doka, gidan yari, kotunan alƙalai, makarantu, asibiti, gona, daji da ayyuka. Sarki ne yake naɗa masu riƙe da su da amincewar Razdan, kuma manyan 'yan majalisarsa ne ke lura da su. A Kano Waziri na duba harkar shari'a, Madaki na duba hakimai, Ma'aji na riƙe da baitulmali. Ma'aikacin En'e na En'en da ta ɗauke shi ne kaɗai. Ci gabansa da faɗuwarsa duk suna hannun fada, kuma yawancin manyan muƙamai ba su cika fita daga gidajen sarauta da na bayin sarki da na malaman fada ba.

Sukar wannan tsari ta fito fili tun kafin 'yancin kai. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, jam'iyyar NEPU kuma ta sa zaluncin ma'aikatan En'e a gaba cikin gwagwarmayarta. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e.

Garambawul na 1976, zamanin gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, shi ne ya kafa tsari iri ɗaya a duk ƙasar, da ƙananan hukumomi 301 a matsayin mataki na uku na gwamnati. An janye sarakuna daga gudanar da mulki kai tsaye, aka bar musu majalisun masarautu na ba da shawara. Abin da ya fi shafar shugabannin sassa shi ne an umarci kowace jiha ta kafa hukuma guda da za ta riƙe manyan ma'aikatan dukkan ƙananan hukumominta. Daga nan ma'aji ko injiniya ya daina zama na gari ɗaya, ya zama ma'aikacin da za a iya tura shi ko'ina a jihar. An kuma ɗora wa jami'o'i uku horar da waɗannan ma'aikata: Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Nsukka.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi gyara biyu da har yanzu ake aiki da sawunsu. A 1988 ta shigar da garambawul na aikin gwamnati cikin ƙananan hukumomi, inda aka ƙayyade yawan sassa, aka kuma mai da shugaban hukuma jami'in da ke da alhakin kuɗinta. A 1991 ta kawo tsarin shugaba mai cikakken iko, aka raba majalisar kansiloli da ɓangaren zartarwa, aka ba shugaba damar naɗa masu gafaka. Lokacin da aka ƙirƙiri Buji a 1996, wannan fasali ta tarar ta shiga.

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, amma ya bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta fayyace kafuwarsu, fasalinsu, kuɗinsu da ayyukansu. Sashe na 197, wanda ya lissafa hukumomin da dole kowace jiha ta kafa, ya ambaci hukumar ma'aikatan jiha da hukumar zaɓe ta jiha da hukumar kula da ma'aikatan shari'a, bai ambaci hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi ba. Saboda haka hukumar da ke Dutse dokar jiha ce ta kafa ta, Majalisar Dokokin Jigawa kuma tana iya sauya ikonta.

Yadda ake zama shugaban sashe

Ma'aikatan ƙaramar hukuma suna bin matakan albashi irin na sauran ma'aikatan gwamnati, kuma an ja layi tsakanin mataki na 06 da na 07. Daga 01 zuwa 06, wato masinjoji, direbobi, masu gadi, leburori da ƙananan akawu, an saba barin al'amuransu ga kwamitin ƙananan ma'aikata na ita ƙaramar hukumar, bisa ikon da hukumar jiha ta wakilta mata. Daga mataki na 07 zuwa sama kuwa hukumar da ke Dutse ce ke da magana. Duk shugabannin sassa suna saman wannan layi da nisa.

Ba a cika tallata kujerar shugaban sashe a jarida a nemi mutum daga waje ba. Hawa ake yi daga ƙasa. Mutum yakan shiga aiki da difloma ko digiri a layin da ya dace da karatunsa, layin mulki ko na lissafin kuɗi ko na injiniya ko na malaman gona, ya riƙa samun ƙarin girma bayan ya cika shekarun da ƙa'ida ta ajiye a kowane mataki, tare da rahoton ƙwazo na shekara-shekara da jarrabawa ko ganawa. A ƙa'idojin aikin gwamnati tazarar ba ta kasa shekara uku ga matsakaitan matakai, shekara huɗu ga na sama. Idan kujera ta zama babu kowa a Gantsa, saboda ritaya ko rasuwa ko sauyin wurin aiki, hukumar takan duba manyan jami'an wannan layin a faɗin jihar ta turo ɗaya da takardar turi. Yana iya zama ɗan Buji, yana iya zama ɗan Haɗeja ko Kazaure ko Ringim. Ya kai takardarsa ga shugaban hukuma, ya karɓi bayanin miƙa aiki daga wanda ya gada, ya kama aiki. Ritaya tana zuwa ne da cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga, kuma haƙƙoƙinsa na fitowa daga asusun fansho na taro-da-sisi wanda ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomin Jigawa suke ciki tare.

Shugaban hukuma ba ya da ikon korar shugaban sashe. Yana iya ba shi takardar tuhuma, yana iya rubuta ƙorafi zuwa Dutse, yana iya roƙon a sauya masa shi. A takarda ke nan. A aikace, shugaban da ke da kunne a gidan gwamnati ba ya shan wahalar raba kansa da ma'ajin da ba ya so, domin sauyin wurin aiki ba hukunci ba ne a ƙa'ida, ba ya bukatar a tabbatar da laifi. Shi ya sa masu nazarin mulkin ƙananan hukumomi ke ɗaukar ikon sauya wurin aiki a matsayin makami mafi kaifi a tsarin, fiye da ikon kora da ba kasafai ake amfani da shi ba. Su kansu shugaba da mambobin hukumar ma'aikatan gwamna ne ke naɗa su.

Akwai lokacin da babban ma'aikacin dindindin ke tsintar kansa a kujerar shugaba. Idan wa'adin zaɓaɓɓu ya ƙare ba a yi sabon zaɓe ba, jihohi sun saba umartar su miƙa ragama ga daraktan mulki kafin a naɗa shugabannin riƙo. Zamanin soja kuwa kantoma ake turowa ya riƙe komai shi kaɗai. Ita ma wannan kalma tsohuwa ce, daga sunan majistaren Turawa mai kula da bariki aka samo ta, ta rayu ta canja ma'ana.

Sa ido a cikin gida

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar yadda ake sa ido ita ce a bi takardar kuɗi guda ɗaya. A ɗauka, a misali, famfunan tuƙa-tuƙa sun lalace a wani ƙauye na mazaɓar Ahoto, mai unguwa ya kai kuka ga kansila, kansila ya kai ga shugaba. Shugaban sashen da abin ya shafa ne zai tura ma'aikatansa su duba, ya rubuto ƙiyasin kuɗi, ya nuna layin kasafin da za a ciro su. Idan kuɗin kaɗan ne shugaba ya amince da kansa. Idan sun haura iyakar da aka ba shi sai an kai gaban majalisar zartarwa ta hukumar, inda masu gafaka ke zaune, idan kuma sun haura tata iyakar sai an nemi amincewa daga Dutse. Bayan an yi aiki a rubuta bauca, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba ta kafin a biya, sannan ma'aji da daraktan mulki su sa hannu kuɗi su fita.

A nan akwai wata ƙa'ida da ɗalibai kan yi mamakinta. Littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi ya ce shugaba ne ke da alhakin kuɗin hukuma, amma ba ya sa hannu a bauca ko caki. Hikimar ita ce kada mai ba da umarnin kashe kuɗi ya zama shi ne mai fitar da su. Ma'ajin da aka umarta ya biya abin da ya saɓa ƙa'ida ana sa ran ya rubuta wa shugaba ya nuna masa saɓanin, mai binciken cikin gida kuma yana da hurumin ɗaga ƙararrawa zuwa ga babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi kafin kuɗin su fita. Wannan kariya ba ta da ma'ana sai idan ma'ajin ya san shugaban ba zai iya raba shi da abincinsa ba, kuma wannan ita ce babbar hujjar da ta sa aka ajiye ikon naɗi da kora a Dutse.

Kowane shugaban sashe yana riƙe da littafin da ke nuna abin da aka ware wa sashensa da abin da ya kashe, kuma idan ya wuce gona da iri ana iya cewa ya biya daga aljihunsa. Majalisar kansiloli ita ce ke amincewa da kasafin shekara, tana kuma iya kiran kowane shugaban sashe ya yi mata bayani. Wannan ita ce kafa mafi kusa da talaka a duk tsarin, ita ce kuma mafi rauni, domin kansiloli da shugaba galibi 'yan jam'iyya ɗaya ne, kuma majalisar ba ta da ƙwararrun ma'aikatan kanta da za su tantance mata lissafin da ma'aji ya kawo.

Sa ido daga Dutse da Abuja

Hukumomin jiha uku ne suka fi shiga al'amarin. Hukumar ma'aikata tana duba halayya da zuwa aiki da ladabtarwa. Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi tana da sufetoci masu zagayawa su duba littattafai da ayyuka, tana kuma duba kasafin kowace hukuma. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi yana binciken lissafin ƙarshen shekara, ya aika takardun tuhuma kan abin da bai gamsu da shi ba, ya miƙa rahoto ga Majalisar Dokokin Jiha, inda kwamitin kula da asusun gwamnati kan kira jami'ai su kare kansu. Manyan kwangiloli kuma suna bi ta hukumar tantance ayyukan kwangila ta jihar.

Daga tarayya, Tsarin Mulki ya sa shugabanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin jerin masu bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. ICPC da EFCC suna da hurumin bincikensu. A 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuni na shekarar, gwamnoni kuma suka ƙalubalance ta a kotu.

Masu sa idon suna da yawa, amma kusan dukkansu sama suke kai rahoto. Mutumin Ahoto da famfonsa ya lalace bai zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya zaɓa shi ne shugaba da kansila, su kuma ba su ne suka naɗa injiniyan ba.

Ilimi da lafiya

Sassa biyu da suka fi kowanne yawan ma'aikata sun daɗe da zamewa daga hannun ƙaramar hukuma, ko da yake Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ce tana da hannu a cikinsu.

Makarantun firamare na Buji suna ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilimi ke shugabanta. Shi ba shugaban sashe ba ne irin na sakatariya. Yana aiki ne ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, bisa tsarin da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shimfiɗa, ko da yake albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cirarsa.

A fannin lafiya Jigawa ta yi abin da ya ja hankalin sauran jihohi. A 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi da manyan asibitocin jiha ƙarƙashin hukuma ɗaya mai gundumomi tara, ciki har da ta Birnin Kudu da ta Dutse da ta Jahun. Dalilin shi ne a da ma'aikacin lafiya na ƙauye yana da iyayen gida barkatai: ƙaramar hukuma, hukumar ma'aikata, ma'aikatar ƙananan hukumomi da ma'aikatar lafiya. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da manufar tattara kiwon lafiya matakin farko a inuwa ɗaya a kowace jiha. Daga baya, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, hukumar kiwon lafiya matakin farko ta jiha ta maye gurbin Gunduma. Jami'in da ke jagorantar lafiya a Buji a yau ga wannan hukuma yake kai rahoton aikinsa na ƙwarewa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Masana sun kasa tsarin ma'aikatan ƙananan hukumomi gida uku. Akwai inda kowace hukuma ke ɗaukar nata ta sallami nata. Akwai inda hukuma guda ke riƙe ma'aikatan dukkan ƙananan hukumomi, irin na Jigawa. Akwai kuma inda ma'aikatan gwamnatin tsakiya ne ake turowa su yi aikin.

Amurka tana bin na farko, ta hanya biyu. A birane irin su New York magajin gari ne ke naɗa shugabannin sassa, ya kuma sauke su. A wasu biranen majalisar gari ce ke ɗaukar ƙwararren manaja, shi kuma ya naɗa shugabannin sassa, tsarin da garin Staunton na jihar Bajiniya ya fara a 1908, birnin Dayton na jihar Ohayo ya yaɗa shi daga 1914. A Ingila ma kowace majalisa ke ɗaukar nata, sai dai doka ta wajabta mata ajiye jami'ai uku masu kariya ta musamman: shugaban ma'aikata, jami'in kuɗi, da jami'in da ke lura da bin doka. Ghana ta fi kama da Najeriya, tana da hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi, amma tata ta ƙasa baki ɗaya ce. A Jamhuriyar Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, an raba mai ba da umarnin kashe kuɗi, wato magajin gari, da mai riƙe da kuɗin, kuma a watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ta naɗa masu riƙo.

Muhawara

Masu goyon bayan tsarin Jigawa suna cewa ƙaramar hukuma irin Buji, mai ƙarancin kuɗin shiga na cikin gida, ba za ta iya jawo ƙwararren akanta ko injiniya ita kaɗai ba, ba kuma za ta iya ba shi hanyar ci gaba ba idan kujera ɗaya ce tak a samansa. Suna kuma tuna zamanin En'e, da abin da zai faru in kowane sabon shugaba zai share ma'aikata ya zuba nasa bayan kowane zaɓe. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta daɗe tana fafutukar 'yancin kuɗi ga ƙananan hukumomi, amma ba ta neman a damƙa makomar mambobinta a hannun shugabannin hukumomin.

Masu suka suna cewa jami'in da ya san gobe ana iya ɗauke shi, kuma ƙarin girmansa ba a Gantsa za a sa masa hannu ba, idonsa na kan Dutse ne. Daga nan ake samun ƙorafin da aka saba ji a jihohi da dama, na manyan jami'an da ba sa kwana a inda aka tura su, da sakatariyar da ba ta cika sai ƙarshen wata. Suna ƙarawa da cewa tsarin ya kare ma'aikaci daga shugaban hukuma amma bai kare shi daga gwamnatin jiha ba.

Yunƙurin gyara Tsarin Mulki don ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi da na gudanarwa ya wuce Majalisar Tarayya a 2022, amma bai sami amincewar majalisun jihohi 24 da ake bukata ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan kason ƙananan hukumomi 774 kai tsaye gare su maimakon ta asusun haɗin gwiwa, kuma gwamnoni ba su da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da shugabannin riƙo. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta jagoran hukuncin. Jigawa ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta ranar 5 ga Oktoba, 2024, jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 27.

Hukuncin ya tsaya ne kan kuɗi da kan zaɓe. Bai taɓa ikon da sashe na 7 ya ba majalisun jihohi na tsara fasalin ƙananan hukumomi ba, bai kuma ce komai ba kan wanda zai naɗa ma'aji da daraktan mulki, su biyun da sa hannunsu ke fitar da kuɗi daga asusun Buji.